Sababbin unguwannin Zariya da makomar tsofaffinmu a cikinsu

Mai Tsara Birane, Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so in gabatar da wata magana da ba mu cika tsayawa a kanta ba idan muna tattauna ci gaban Zariya, wato yadda muke yanka filaye muna gina sababbin unguwanni ba tare da mun sa tsofaffinmu a lissafi ba. Duk wanda ya zaga Dogarawa ko Hanwa ko Ɗan Magaji zai ga saurin da gari yake yi wajen faɗaɗa, zai kuma ga cewa kusan kowane layi kama ɗaya ne: fuloti ƙafa 50 da 100, doguwar katanga, get na ƙarfe, sai kwata a buɗe a bakin ƙofa. Babu dakali, babu inuwa, babu inda mai shekara 70 zai zauna ya numfasa idan ya fito zuwa masallaci ko kemis.

A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan biranen da suka dace da tsofaffi, bayan an saurari tsofaffi da masu kula da su a birane 33. Abin da suka faɗa ya shafi gidaje da hanyoyi da sufuri da kiwon lafiya, ya kuma shafi girmamawa da shigar da tsoho cikin harkokin jama'a. Hukumar ta yi hasashen cewa zuwa 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1 a duniya, kuma kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Ra'ayina shi ne cikin birnin Zariya ya riga ya san yawancin abin da ke cikin wannan jagora tun kafin a rubuta ta, mu ne muke barinsa a baya duk lokacin da muka fita bayan ganuwa muka yi sabon gini. Ina neman ra'ayin iyayenmu da ke nan da magina da matasa.

Dattijo daga Kwarbai:
Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka da ka taɓo wannan magana. Sai dai ina so in ƙara wani abu, domin kada a ɗauka cewa da an zuba siminti an yi dakali shi ke nan an haɗa tsoho da yaro. Abin da ya haɗa mu da iyayenmu aikin da ake yi a kan dakalin ne da cikin zauren. A Unguwar Juma da Kona da nan Kwarbai, zaure makaranta ne. Bayan sallar asuba malami yana zaune a kan buzunsa, magidanta suna ɗaukar karatun littattafai, yara suna gefe da allunansu, kowa yana jin karatun kowa. Da hantsi kuma masu ɗinkin hula da aikin babbar riga suna fitowa ƙofar gida, tsoho yana zana aska a jikin riga, saurayi yana bin zanen da allura, ƙaramin yaro yana warware zare ko ana aikensa kasuwa. Yaron da ya zauna a wurin yana jin labarin gidajen sarauta da tarihin unguwa da yadda ake sasanta rigimar gado, ba tare da wani ya ce masa zo in koya maka ba.

Kuma komai yana kusa. Masallacin unguwa bai wuce 'yan takawa ba, lungunan ba mota ke bin su ba, katangun ƙasa suna ba da inuwa safe da yamma. Mahaifina ya makance a ƙarshen rayuwarsa, amma da sandarsa yake zuwa masallaci shi kaɗai, yana dafa bango, domin ya san kowane lungu kuma duk wanda ya gamu da shi ya san shi. Yau ni da nake gani da idona biyu ina jin tsoron fita a gidan ɗana da ke sabuwar unguwa, saboda 'yan acaba da ramuka.

Malamar Jinya, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ta ɓangaren da nake gani kullum zan yi magana, wato faɗuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan tsoho ya karye a ƙashin ƙugu, sau da yawa daga nan tafiyarsa ta ƙare, sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambon baya da ciwon huhu. Wanda ma ya faɗi bai karye ba yakan kamu da tsoro ya daina fita, ƙafafun su ƙara rauni, ya ƙara zama cikin haɗarin wata faɗuwar.

Abin da ke kayar da su kuwa mu ne muke sa shi da kuɗinmu. Tayil mai sulɓi a tsakar gida da ban-ɗaki da wurin alwala. Masai na tsuguno ba tare da ƙarfen dafawa ba, ga mai ciwon gwiwa. Matakala masu tsawo a ƙofar masallaci. Na taɓa tsayawa ina kallon wani tsoho a wurin alwalar wani sabon masallaci da aka ƙawata da tayil har ƙasa. Ya jingine sandarsa, ya dafa bango da hannu ɗaya, yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa zuwa famfo, ruwa na gudana a ƙarƙashinsa. Sai da wani yaro ya ajiye butarsa ya riƙe shi ya iya wanke ƙafar. Da an yi masa ɗan wurin zama na siminti da ƙasa mai kaushi, da bai buƙaci kowa ba.

Amma ina so mu yi adalci, tsohon tsarin ma yana da nasa. Dokin ƙofar zaure mai tudu da ƙunƙuntar shigifa ba sa barin keken mara lafiya ya wuce. Mun sha ganin wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki sai an ɗauko shi a tabarma daga cikin gida har bakin titi, domin mota ba ta shiga lungun.

Magini daga Dogarawa:
Salamu alaikum. Tun da an ambaci magina, bari in faɗi abin da masu gida suke gaya mana. Ba mu ne muke hana dakali ba. Mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya sayi fuloti ɗaya, yana son ɗakuna huɗu da wurin ajiye mota da shago biyu a gaba da zai riƙa karɓar haya. Idan na ce masa ya bar ƙafa biyar a waje domin dakali da bishiya, sai ya ce filin da tsada ya saya. Na biyu kuma tsaro. Da yawa suna cewa dakali a sabuwar unguwa ba dattawa yake tarawa ba, 'yan shaye-shaye yake tarawa da dare, kuma mai niyyar sata yana samun wurin zama ya karanci shige da ficen gida. A cikin birni kowa ya san ɗan gidan wane ne, a nan kuwa maƙwabcinka ma ba ka san daga ina ya zo ba. Yanayin da ake ciki na satar mutane ya sa kowa yana ƙara wa katangarsa tsawo, kuma ban ga laifinsu ba.

Mai Tsara Birane, Samaru:
Injiniya, tsoron da ka ambata gaskiya ne, ba wanda zai raina shi. Amma ka duba layin da kowa ya shige bayan katanga ya kulle get: da rana tsaka babu idon kowa a kansa, baƙo zai yi sintiri sau uku ba wanda ya tambaye shi wa yake nema. Layin da dattawa biyu ko uku suke zama a bakinsa daga hantsi zuwa azahar, da mai kanti da yara masu wasa, ya fi wuyar shiga ga mai mugun nufi. Rashin sanin juna da ka faɗa kuwa, katangar ce take ƙara shi, domin ba a sanin maƙwabci sai an samu inda za a gamu da shi.

Malamar Islamiyya, Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma da izinin iyayena maza zan ce kusan duk maganar ta maza ce. Dakali na maza ne, zaure na maza ne, masallacin unguwa ma galibi su ne suke zuwa sau biyar a rana. Tsohuwa fa?

A cikin birni duniyar tsohuwa tsakar gida ce, kuma tsakar gidan babban gida ba ta rabuwa da mutane. Ga matan 'ya'ya, ga jikoki, ga maƙwabta masu shigowa neman gishiri ko aron turmi, ga 'yan mata masu talla. Ita ce take wankan jego, ita ce take karɓar yaye, a ɗakinta jikoki suke kwana su sha tatsuniya, ita ce kuma ake kai wa ƙara idan miji da mata sun saɓa. A wasu gidajen dangi akwai ƙaramar ƙofa tsakanin gida da gida, ta yadda za ta zaga 'yan uwa uku ko huɗu ba ta taka titi ba. Tana da sana'arta ta daddawa ko ƙuli-ƙuli ko kaɗi, tana da 'yan kuɗinta na biki da suna.

Yanzu abin da nake gani shi ne, idan mijinta ya rasu sai ɗanta ya ɗauke ta, da kyakkyawar niyya, ya kai ta gidansa a Hanwa ko Palladan. Ya yi mata ɗaki mai fanka da talabijin. Da safe shi ya tafi aiki, matarsa ta tafi aiki, yara an zuba su a mota zuwa makaranta, an ja get an kulle. Tana nan ita kaɗai har la'asar. Akwai wata baiwar Allah da take zuwa ajinmu na manyan mata, ta daina zuwa bayan an mayar da ita irin wannan gida. Da muka je gaishe ta sai ta nuna mana kwatar da aka haƙa a ƙofar gidan, an ɗora katako ɗaya a kai, ta ce tun da aka sa katakon nan ba ta fita ba sai ranar da aka kai ta asibiti. Ba ta rasa abinci ba, ba ta rasa magani ba, amma ta rame, kuma hirarta duk ta waɗanda ta baro ce.

Saboda haka idan za a yi tsari, a tuna da inda tsofaffin mata suke haɗuwa: Islamiyya, gidan biki da ta'aziyya, asibitin unguwa, wurin niƙa. Shawarata a riƙa ajiye ajin manyan mata a harabar makarantar yara, a kuma daidaita lokacin, domin kaka ta tafi tare da jikanta su dawo tare. Mun gwada haka da ajin yamma, kuma ya ƙara yawan masu zuwa, domin yaron ne yake riƙe mata hannu a hanya.

Matashi daga Gyallesu:
Ina gaida iyayena. Ina neman afuwa idan maganata ta yi nauyi, amma tun da an nemi ra'ayin matasa gara in faɗi gaskiya. Da yawa daga cikinmu muna kauce wa majalisar dattawa ne da gangan. Idan ka zo wucewa ka gaishe su, abin da zai biyo baya tambaya ce kan aski ko wando ko yaushe za ka yi aure, alhali kana fama da neman aiki. Shi ya sa muke tafiya wurin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo. Idan aka gina wuri aka ce na tsofaffi da matasa ne, aka zuba benci, ina tabbatar muku tsofaffi za su zauna, mu kuma ba za mu zo ba.

Abin da na ga yana kawo mu kusa shi ne buƙata. Ni ne nake taimaka wa dattawa uku a layinmu da harkar waya, tura kuɗi da duba saƙon fansho da kiran 'ya'yansu ta bidiyo. A wurin wannan zaman ne ɗaya daga cikinsu, tsohon ma'aikacin gona, ya koya mini yadda ake renon dashen mangwaro, har na fara sayarwa. Sannan a tuna mu ma an ƙwace mana wuri. Filin da muke buga ƙwallo muna yara an yanka shi an sayar, kududdufin da ke gefensa an cike an yi gini. Da filin yana nan, da bishiyoyi da wurin zama a gefensa, da dattawa sun zauna suna kallo, mu muna wasa, kowa da harkarsa amma ana ganin juna. Ni a ganina wannan ya fi a tara mu a benci ɗaya.

Dattijo daga Kwarbai:
Ɗana, na ji maganarka kuma ban ji haushi ba. Mu ma iyayenmu sun yi mana faɗa, amma suna yi ne muna zaune muna aiki tare, shi ya sa yake shiga. Faɗan da ake yi wa mai wucewa ba ya gyara kowa. Allah ya sa albarka a dashen mangwaron.

Ɗan Zazzau mazaunin Jamus:
Assalamu alaikum. Maganar ƙanena na Gyallesu ta yi daidai da abin da ƙasashen da suka riga mu tsufa suka gano. A nan Jamus gwamnatin tarayya ta fara wani shiri a 2006 na gidajen haɗuwar zuriyoyi, yanzu sun haura 500. Galibinsu ba wurin kwana ba ne, wurin haɗuwar unguwa ne da rana, inda ake renon yara, tsofaffi suna taimaka wa ɗalibai da aikin gida, matasa suna koya musu kwamfuta da waya, ana cin abinci tare. A garin Deventer na ƙasar Holan akwai gidan kula da tsofaffi na Humanitas da yake ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta, su kuma su ba da awa 30 a wata suna zama da tsofaffin. A Singafo kuma an gina Kampung Admiralty, inda gidajen tsofaffi kimanin 100 da cibiyar lafiya da wurin renon yara da wurin sayar da abinci suke cikin gini ɗaya, kusa da tashar jirgin ƙasa.

Abin da ya sa na kawo na Holan shi ne Zariya garin ɗalibai ce. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Samaru da Kongo ba su rabu da masu neman ɗaki ba, ga jami'ar ilimi ta tarayya ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. A gefe guda kuma akwai dattawan da 'ya'yansu suka watse zuwa Abuja da Kaduna da Legas, ɗakuna suna kulle. Me zai hana a haɗa su ta hannun mai unguwa ko limami, a rage wa ɗalibi haya, shi kuma ya ɗauki nauyin cefane da rakiya asibiti?

Dattijo daga Kwarbai:
Malam, na gode da bayani, amma ina roƙon kada maganar nan ta kai mu ga gidan ajiye tsofaffi. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma addini ya ɗora wa ɗa kula da iyayensa idan sun tsufa a wurinsa, har an hana shi ce musu tir. Ranar da Bazazzagi ya ɗauki uwarsa ya kai ta wani gida ya biya kuɗi ya juya, ranar mun yi asara babba. Batun ɗalibi kuwa ba sabo ba ne a wurinmu, domin gidajen malamai a birni sun daɗe suna saukar da masu neman ilimi daga nesa a zaurukansu, suna karatu suna hidima. Sai dai a yi hattara da wanda za a shigar gidan tsohuwa, a san asalinsa, mace a wurin mace.

Malamar Jinya, Tudun Wada:
Baba, ba na jin akwai mai son a raba tsoho da iyalinsa a cikinmu. Amma kada kunya ta hana mu ganin waɗanda suke nan a gabanmu: wadda ba ta haihu ba, wanda 'ya'yansa suka riga shi rasuwa, mai gigin tsufa da yake fita ya ɓace, wanda 'yarsa ɗaya take ɗawainiya da shi har ita ma ta kwanta. Waɗannan unguwa ce kaɗai za ta riƙe su. A Faransa zafin 2003 ya kashe mutane kusan 15,000, mafi yawansu tsofaffi, da yawa a cikin ɗakunansu su kaɗai. Mu ma muna da zafin Maris da Afrilu, ga kwanon rufi ba silin, ga rashin wuta. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, sai jikinsa ya bushe bai sani ba. Maƙwabcin da zai leƙa ya miƙa ruwa yana iya zama dalilin tsira.

Kuma tsofaffi ba masu karɓa kaɗai ba ne. A Harare ta Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka yi ya nuna masu zuwa wurinsu suna samun sauƙi. Muna da irin waɗannan iyaye a kowace unguwa, wurin zama da ɗan horo kawai suka rasa.

Mazaunin Sabon Gari:
Ina gaisuwa ga kowa. Kada a manta da mu a wannan tattaunawa, domin tsufa a Sabon Gari daban yake da na birni. Unguwar ta tashi ne da zuwan jirgin ƙasa, kuma akwai dattawa Musulmi da Kirista da suka zo aikin reluwe ko kasuwanci suna samari, suka tsufa a nan, garuruwansu na asali ba su da kowa a can yanzu. Yawancinsu 'yan haya ne, ba su da ikon fasa bango su sa ƙarfen dafawa, kuma idan mai gida ya ga shago ya fi kawo kuɗi sai ya ba su wa'adi. Wasu suna ɗaki a saman bene, saukowa sau ɗaya a mako ce, ranar Juma'a ko Lahadi. Layukanmu a miƙe suke tun awon Turawa, amma gefen titin da mai tafiya a ƙasa zai bi duk kaya da janareta da Keke Napep sun cinye. Tsallaka titi a PZ ko Kwangila ga mai sanda abu ne da sai ya tsaya ya jira wanda zai tare masa motoci. Ina ba da shawara duk abin da za a yi a sa coci-coci da masallatai tare, domin su ne suka san inda waɗannan tsofaffi suke kwana.

Mai Tsara Birane, Samaru:
Na gode ƙwarai. Game da doka, ba daga sifili za mu fara ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya riga ya cika. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka kafa bisa dokar 2017, akwai kuma manufar ƙasa kan tsufa da aka amince da ita a 2021. A jiharmu hukumar tsara birane ta KASUPDA ce take ba da izinin gini, kuma a tsarin awon gwamnati ana ware filin makaranta da asibiti da wurin shaƙatawa. Babbar matsalar tana wurin awon igiya, inda mai gona yake yanka gonarsa gaba ɗaya ya sayar, ya bar hanya ƙunƙunta, bai bar ko taku ɗaya na jama'a ba. A nan ne nake ganin masu unguwanni da dagatai suna da ƙarfi, tun da ana neman shaidarsu a cinikin fili. Za su iya cewa duk gonar da za a yanka sai an fitar da fuloti ɗaya ko biyu na jama'a a tsakiya, a rubuta shi waƙafi da shaidu domin kada magada su sayar daga baya. Masu hali da suke gina masallaci na uku a layi ɗaya su ma a nuna musu cewa fili mai inuwa da rijiya da wurin zama sadaka ce mai gudana.

Ma'aunan kuma ba masu wuya ba ne. Mu a tsara gari muna ɗaukar mita 400 a matsayin tafiyar minti biyar ga mai lafiya, tsoho kuwa zai ninka haka, don haka masallaci da kemis da mai kayan miya su kasance cikin wannan tazara, da wurin zama a tsakani. Hanyar keken mara lafiya mai gangare kada ta wuce tashin mita ɗaya a cikin tsawon mita 12, wato matakala mai rabin mita tana buƙatar mita 6. Irin gangaren da ake mannawa a ƙofar wasu gine-gine, mai tsayi kamar na hawan babur, ya fi matakalar haɗari. Ƙofa ta kai santimita 90, wurin zama ya kai kimanin santimita 45 daga ƙasa kuma ya samu abin dafawa, domin tashi ya fi zama wuya ga mai ciwon gwiwa.

Magini daga Dogarawa:
Malam, waɗannan ma'aunai zan iya aiki da su, kuma idan tun a zane aka sa su kusan ba sa ƙara kuɗi, gyara daga baya ne yake da tsada. Abin da zan fara ba masu gida shawara shi ne ɗaki ɗaya a ƙasa kusa da ƙofar shiga, da ban-ɗakinsa na zama da tayil mai kaushi, ko na iyaye ko nasu idan Allah ya kai su. Dakali kuma ana iya shigar da katanga ciki kaɗan a gefen get a yi shi a wurin, fitila a samansa. Murfin kwata a ƙofar gida silab biyu ne, ba abin da zai gagari mai gida. Amma batun bishiya ina da ja. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari, sai dai saiwarta tana fasa katanga da ramin masai idan an dasa ta kusa, kuma ni ake kira idan bango ya tsage. A layi mai ƙunci babu inda za a ja ta nesa da gini. Sai dai a filin jama'ar da ka ambata, idan an samu.

Dattijo daga Kwarbai:
Injiniya, ka dasa ta a filin, a layi kuma ko rumfa ta wadatar. Amma ga wani abu da masu zane ba sa tunawa: ba inuwa kaɗai tsoho yake nema ba. A watannin hunturu, Disamba da Janairu, hantsi muke bi. Za ka ga dattijo ya fito da bargonsa ya zauna a jikin bangon da rana take bugawa da safe, inda iskar arewa ba ta samunsa, yana nan har jikinsa ya sake. Da bazara kuma sai ya koma ɗaya gefen. Saboda haka wurin zama biyu ake so, ɗaya yana kallon gabas a bayan abin da zai tare iska, ɗaya a ƙarƙashin inuwa. Kuma a samu ban-ɗaki kusa, domin da yawa daga cikin sa'o'ina abin da yake hana su nisa da gida ke nan, ko da yake ba za su faɗa ba.

Matashi daga Gyallesu:
Baba, wannan na ƙarshen ban taɓa tunaninsa ba. Ina da shawara: ƙungiyar ci gaban unguwarmu tana aikin gayya na yashe kwata kafin damina. Za mu iya ware safiyar wata Asabar mu bi dattawa biyu ko uku da ƙafa daga ƙofar gidajensu zuwa masallaci da kemis da bakin titi, mu rubuta duk inda suka tsaya ko suka nemi a riƙe su, mu ɗauki hoto. Abin da ya fi ƙarfinmu, kamar tudun rage gudu da fitilar sola, mu kai wa kansila da mai unguwa a rubuce. Murfin kwata da benci kuwa za mu iya da karo-karo.

Malamar Islamiyya, Ƙofar Doka:
Ɗana, shawarar ta yi, amma ku yi zagaye biyu. Iyayenku mata ba za su bi tawagar samari da safe ba, kuma hanyoyin da suke bi daban ne. Ku bar mana nasu, ni da 'yan matan ajinmu za mu bi su da yamma bayan la'asar, lokacin da suke fita gaisuwa da Islamiyya, mu kawo muku abin da muka rubuta ku haɗa. Malam na Samaru, muna roƙon ka rubuto mana ma'aunan nan a takarda ɗaya da Hausa, da abubuwan da za mu duba a hanya, domin mu raba wa masu zagayen kafin ranar.